Aikin Sa Kai a Ƙungiyoyin Ma'aikata: Misali Daga Masu Kula da Lafiyar 'Yan Wasa a Amurka

Gabatarwa

Ran 2 ga watan Janairu 2023, ana cikin wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka a birnin Cincinnati, wani ɗan wasan ƙungiyar Buffalo Bills mai suna Damar Hamlin, ɗan shekara 24, ya yi karo da abokin karawarsa. Ya miƙe tsaye kamar ba abin da ya same shi, sa'an nan ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya. Cikin waɗanda suka fara isa kansa akwai Denny Kellington, ɗaya daga cikin masu kula da lafiyar 'yan wasan ƙungiyar, wanda ya duƙufa yana danna masa ƙirji. Aka haɗa da na'urar da ke farfaɗo da zuciya da wutar lantarki, har zuciyar ta komo bugawa kafin a ɗauke shi zuwa asibiti. Hamlin ya rayu, kuma ya koma wasa cikin shekarar. Masu sha'awar ƙwallo a Nijeriya sun san nauyin irin wannan al'amari, domin ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a babban filin wasa na Legas ran 12 ga Agusta 1989, ana wasa da Angola, bai kuwa tashi ba.

Jama'a sun yaba wa mutumin da ya danna ƙirjin, kuma ya cancanci yabo. Amma sanin da ya yi aiki da shi a wannan dare yana da tushe, watau sana'a mai tsari, wadda wata ƙungiya ta yi shekara 70 da ɗoriya tana gina ta, akasari da gumin mutanen da ba a biyan su. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba ɓangare guda na wannan aikin sa kai, wanda ba a cika ambatonsa ba, watau kwamitin jan 'ya'yan ƙungiya a jiki. Za a bayyana dalilin kafa irin wannan kwamiti, da yadda yake aiki, da abin da ɗan sa kai yake bayarwa da wanda yake samu, da kuma matsalolin da ke tattare da aikin.

Sana'ar da ake magana a kanta

Wajibi ne a fara da kawar da wani ruɗani. Sunan da ake kiran wannan ma'aikaci da shi a Turanci yana ɗauke da ma'anar horarwa, saboda haka mutane da yawa sukan ɗauka koci ne, ko mai koyar da motsa jiki. Alhali kuwa ma'aikacin lafiya ne. Aikinsa ya ƙunshi rigakafin rauni, da duba wanda ya ji ciwo nan take a bakin fili, da ba da agajin gaggawa, da jinyar targaɗe da gocewar ƙashi da bugun kai, da kuma shirya ɗan wasa har ya warke ya koma fili. Yana yin wannan duka tare da likita, bisa ƙa'idojin jihar da yake aiki a cikinta. Ana samunsa a makarantun sakandare da jami'o'i da manyan ƙungiyoyin wasa, har ma da asibitoci da masana'antu da barikokin soja.

Akwai wani hali na wannan sana'a da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin shi ne zai bayyana sauran bayanin. Ma'aikacin jinya a asibiti yana da abokan aiki a kowane ɗaki. Mai kula da 'yan wasa a makarantar sakandare kuwa sau da yawa shi kaɗai ne ma'aikacin lafiya a wurin, yana kula da ɗaruruwan yara, yana aiki da yamma da ranakun hutu lokacin da sauran ma'aikata suka tashi. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na makarantun sakandaren gwamnati a Amurka suna samun hidimar irin wannan ma'aikaci, amma kashi 37 ne kawai suke da wanda ke zaune a makarantar cikakken lokaci. Ke nan kaɗaici yana cikin jinin sana'ar.

Yadda ƙungiyar ta taso

An fara yunƙurin haɗa kan waɗannan ma'aikata a 1938, amma ƙungiyar farko ba ta yi ƙarko ba, ta watse a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1950 mutane wajen 200 suka sake taruwa a birnin Kansas na jihar Misuri, suka kafa Ƙungiyar Masu Kula da Lafiyar 'Yan Wasa ta Ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da NATA. Wasu 'yan'uwa biyu, Chuck da Frank Cramer, masu kamfanin haɗa magungunan shafawa na 'yan wasa, su ne suka ɗauki nauyin ƙungiyar a shekarunta na farko.

Daga nan aka shiga gini sannu a hankali. A 1956 ƙungiyar ta fara buga mujallarta ta ilmi, a 1957 ta tsara ƙa'idojin ɗa'ar aiki, a 1959 ta amince da manhajar koyar da sana'ar, a 1970 kuma aka zauna jarrabawar farko ta ba da takardar shaida. Jihar Teksas ce ta fara kafa dokar ba da lasisi a 1971. A 1990 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta amince cewa wannan sana'a tana cikin sana'o'in kiwon lafiya. Daga 2022 kuma aka daina ɗaukar ɗalibai su shiga sana'ar ta hanyar digirin farko, sai ta digiri na biyu.

Abin lura a nan shi ne su wane ne suka yi wannan aiki. William Newell, wanda ya riƙe sakataren ƙungiyar daga 1955 zuwa 1968, ya haɗa wannan nauyi da aikinsa na yau da kullum a Jami'ar Purdue. Otho Davis, wanda ya shugabanci harkokin gudanarwa daga 1971 zuwa 1989, ya yi yawancin waɗannan shekaru yana kula da 'yan wasan Philadelphia Eagles. A yau ƙungiyar tana da ofis da ma'aikata masu albashi a Carrollton, kusa da birnin Dallas, amma hukumar gudanarwa da kwamitoci har yanzu 'ya'yan ƙungiya ne ke riƙe da su, kowa da aikin da yake ci da shi a wani wuri. An kasa ƙasar gunduma-gunduma, kowace gunduma tana zaɓen wakilinta a hukumar. An daɗe gundumomin suna 10, daga baya aka ƙara ta 11.

Matsalar cima-zaune

A 1989 an yi wani canji mai muhimmanci. Hukumar da ke shirya jarrabawa da ba da takardar shaida ta rabu da ƙungiyar, ta zama mai zaman kanta. Wannan ya ƙara wa takardar daraja, gama ba a so a ce masu sana'a su ne ke yi wa kansu alƙalanci. Sai dai ma'anarsa ita ce mutum yana iya samun takardar shaida da lasisi, ya yi aikinsa har ya yi ritaya, ba tare da ya biya ƙungiya ko kwabo ba. Idan ƙungiyar ta yi fafitika aka gyara wata doka, ko aka ɗaga darajar sana'ar, wanda ya biya da wanda bai biya ba duk za su amfana.

Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Mancur Olson, ya yi nazarin wannan matsala a littafinsa na 1965 kan yadda jama'a ke haɗa kai su nemi abin da ya shafe su baki ɗaya. Taƙaitaccen ra'ayinsa shi ne, idan alherin da ake nema na kowa da kowa ne, kuma taron yana da girma, to kowane mutum zai ga gudummawarsa ba za ta ƙara kome ba, rashinta kuma ba mai lura da shi, saboda haka sai ya zauna ya jira a yi ya ci. A ƙaramin taro kuwa abin ba haka yake ba, domin kowa yana ganin kowa.

Manomi ba ya bukatar littafi kafin ya fahimci wannan. A aikin gayya, duk wanda ya ƙi fitowa an san shi da sunansa, ranar da gonarsa ta bukaci hannu kuwa zai gane kurensa. Abin da ke riƙe gayya shi ne sanayya da kunya da ramuwar alheri. Mutane 200 da suka taru a 1950 sun san juna kamar 'yan gayya. Amma a shekarun 2010 'ya'yan ƙungiyar sun haura 40,000, sun bazu cikin jihohi 50, kuma wanda ya janye jikinsa ba mai sanin ya janye. Tambayar da ke gaban ƙungiya ita ce yadda za ta mai da wannan babban taro ya koma ƙananan tarurruka inda ake sanin juna. Wannan shi ne ainihin aikin kwamitin jan 'ya'yan ƙungiya a jiki.

Ayyukan kwamitin

Irin wannan kwamiti yakan ƙunshi wakilai daga gundumomi dabam-dabam, da shugaba, da wani ma'aikacin ofis da ke taimaka musu da rubuce-rubuce. Sukan yi shawara ta waya ko ta intanet a cikin shekara, sa'an nan su haɗu ido da ido a babban taron shekara-shekara. Ana iya kasa ayyukansu gida biyar.

Na farko, tarbar baƙo. Wanda ya gama karatu ya kama aiki a wani gari inda bai san kowa ba, shekarunsa na farko su ne mafi haɗari, gama a lokacin ne ko dai ya ga amfanin ƙungiya ko ya ɗauke ta a matsayin masu karɓar kuɗi kawai. Takardar maraba da kwamfuta ta aika wa dubban mutane ba ta kai kiran waya guda daga wani ɗan sana'a da ke gundumarsa ba. Haka kuma wanda ya je babban taro karon farko, ya tarar da dubban mutane, yana bukatar wanda zai kama hannunsa ya gabatar da shi.

Na biyu, sauraro. Shugabanni sukan ji muryar waɗanda ke zuwa taro ne kawai, alhali kuwa mafi yawan 'ya'yan ƙungiya ba sa zuwa. Kwamiti yakan rarraba takardun tambayoyi, ya tuntuɓi waɗanda suka daina biyan kuɗin shekara, ya ji dalilinsu, ko tsada ce, ko rashin lokaci, ko wani ɓacin rai, sa'an nan ya kai wa hukumar gudanarwa yadda ya ji, ko da maganar ba ta da daɗi.

Na uku, haɗa sabo da tsohon hannu. Akwai abubuwan da makaranta ba ta koyarwa, alal misali yadda ma'aikaci ɗan shekara 25 zai dubi koci mai furfura ya ce masa yaron nan da ya bugu a kai ba zai koma fili yau ba. Wanda ya taɓa tsayawa a wannan matsayi shi ne zai iya ƙarfafa masa gwiwa.

Na huɗu, rarraba aiki ƙanana-ƙanana. Mutumin da ba zai iya ɗaukar nauyin kwamiti na shekaru ba yana iya ba da sa'a biyu ya tsaya a teburin rajista, ko ya je wata makaranta ya yi wa ɗalibai bayanin sana'ar a watan Maris, wanda ƙungiyar ta keɓe kowace shekara domin wayar da kan jama'a. Wanda ya ɗauki ƙaramin aiki bana shi ne mai ɗaukar babba baɗi.

Na biyar, godiya. Tun da ba albashi, yabo a bainar jama'a da takardar girmamawa su ne ladan ɗan sa kai, kuma ƙungiyar da ta yi rowarsu za ta ga hannaye suna raguwa.

Dangantakar wannan aiki da ceton rai

Mai sauraro yana iya cewa duk wannan sada zumunci ne kawai, ina ruwansa da lafiyar 'yan wasa? Misalin bugun zafi zai amsa wannan tambaya. Ran 1 ga Agusta 2001, Korey Stringer, ɗan wasan Minnesota Vikings, ya rasu sakamakon bugun zafi da ya same shi wajen atisaye. A 2010 aka buɗe wata cibiyar bincike da sunansa a Jami'ar Connecticut. Abin da masana suka tabbatar shi ne, idan zafin cikin jikin ɗan wasa ya haura digiri 40.5 a ma'aunin Selsiyos, kuma hankalinsa ya fara gushewa, to a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara nan take, a sauke zafin cikin minti 30, sa'an nan a kai shi asibiti. Wanda aka yi wa haka da wuri kusan kullum yakan rayu. Wanda aka fara nema wa mota kuwa yana iya cikawa a hanya.

A 2009 ƙungiyar, tare da wasu ƙungiyoyin lafiya, ta fitar da ƙa'idar saba wa ɗaliban sakandare da zafi cikin kwana 14 na farkon atisaye. Cikin kwana biyar na farko ba a yin atisaye fiye da sau ɗaya a rana. A kwana biyu na farko hular kwano kaɗai ake sawa, daga na uku zuwa na biyar a ƙara da sulken kafaɗa, sai a rana ta shida a sa cikakkun kaya. Jihar New Jersey ce ta fara ɗaukar wannan ƙa'ida a 2011.

To, rubuta ƙa'ida abu ne guda, isar da ita bakin fili kuma wani abu ne dabam. Ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai a wata makarantar karkara, idan ya yanke hulɗa da 'yan'uwansa, zai iya ci gaba da aiki da abin da ya koya shekara 20 da suka wuce. Ko da ya san sabon abu, yana bukatar goyon baya kafin ya shawo kan shugaban makaranta ya sayi baho da ƙanƙara, ko ya shawo kan koci ya rage atisaye. Zumuncin da kwamiti ke ƙullawa shi ne hanyar da ilmi da goyon baya ke bi su isa gare shi. Zumunta a ƙafa take, ilmin sana'a ma haka.

Riba da hasarar ɗan sa kai

Abin da ɗan sa kai yake bayarwa shi ne lokaci, kuma a wannan sana'a lokaci yana da tsada, domin mutumin da ya yini a fili ya dawo gida da dare shi ne zai zauna ya amsa wasiƙu ko ya shirya rahoto. Wani lokaci ma har da kuɗin aljihunsa na tafiya. Abin da yake samu kuwa ya haɗa da sanin yadda ake gudanar da taro, da tsara ajanda, da rubuta rahoto, da yin magana a gaban jama'a, da jure wa ra'ayin da ya saɓa wa nasa. Yakan san mutane a sassan ƙasar da bai taɓa zuwa ba, kuma sau da yawa ta wannan hanya ake jin labarin gurbin aiki. Galibin waɗanda suka kai ga shugabancin ƙungiyoyi daga ƙananan kwamitoci suka fara. Bafaranshen nan Alexis de Tocqueville, wanda ya zagaya Amurka a 1831, ya lura tun a wancan zamani cewa ƙungiyoyin sa kai su ne makarantar da talakawan ƙasar ke koyon tafiyar da al'amuransu da kansu.

Matsaloli

Akwai matsaloli uku da ke bin irin wannan aiki a ko'ina. Ta farko ita ce gajiya. Jakin da ya fi haƙuri shi ake ƙara wa kaya, saboda haka mutum guda sai a same shi a kwamiti uku ko huɗu, har ya ƙosa ya ajiye duka. Maganin wannan shi ne ƙayyade wa'adi, da faɗa wa mutum tun farko yawan sa'o'in da aikin zai ci.

Ta biyu ita ce 'yan-gida-ɗaya, watau kujeru su yi ta zagayawa tsakanin abokai. Tarihin ƙungiyar ya nuna yadda ƙofa kan daɗe a rufe. Sai a 1966 mace ta farko ta shiga, sai kuma a 2000 aka sami mace ta farko a kujerar shugabanci, watau Julie Max, shekara 50 bayan kafuwar ƙungiyar. A tsakanin nan dokar 1972, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ta buɗe wa 'yan mata filayen wasa, mata kuma suka yi ta shiga sana'ar har suka haura rabin 'ya'yan ƙungiyar. Kwamitin da ba ya tallata gurabensa a fili, kowa ya nema, zai maimaita kuskuren da aka kafa shi domin ya gyara.

Ta uku ita ce auna nasara da abin da ya fi sauƙin ƙirgawa. Yawan wasiƙun da aka aika ko tarurrukan da aka yi ba ya nuna kome. Ma'aunin gaskiya shi ne mutum nawa ne cikin waɗanda suka shiga bara suka sabunta rajistarsu bana, sabbin fuskoki nawa ne suka ɗauki aiki, kuma koke nawa ne ya kai ga canji. Idan aka yi ta tambayar mutane ra'ayinsu ba su ga an yi aiki da shi ba, za su daina amsawa, kuma sake jawo su ya fi jawo su da farko wuya.

Kammalawa

Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati ba baƙi ba ne ga sha'anin ƙungiyoyi, daga ta malamai zuwa ta ma'aikatan lafiya zuwa ta tsofaffin ɗalibai. Inda ake cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya shiga hannu, shugabanni suna iya ganin littafin rajista cike su ɗauka ƙungiya tana da rai, sai ranar da aka kira taro a ga kujeru wayam. Misalin masu kula da lafiyar 'yan wasa na Amurka yana da amfani domin a can ba tilas, duk wanda ya zauna cikin ƙungiya ya zauna ne don ya ga dalili, kuma dole wani ya ɗauki nauyin nuna masa dalilin.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata kowace ƙungiya ta yi wa kanta kaɗan ne. Wa ke tarbar sabon shiga? Wa ke bin sawun wanda ya daina zuwa? Wane ƙaramin aiki ne aka tanada domin wanda ba shi da lokaci mai yawa? Idan ba a sami sunan wani takamaimai a amsar kowace tambaya ba, to ba mai yin aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannayen ma ba sa taruwa da kansu, sai an sami wanda ya bi gida-gida ya yi gayya.